Ledar Hajiya da Injin Sanyi

A gidanmu ba a cire wa sabon abu leda. Kujerun falo, rimot, agogon bango, kowanne yana cikin rigarsa tun ranar da ya shigo. Dokar mahaifiyata ce, Hajiya, kuma ba a ɗaukaka ƙara. In baƙo ya zauna a zafin Azare, sai ya tashi da kujerar manne a bayansa.

Bayan rasuwar Baba, Hajiya ta sa ni in tattaro duk guntayen bidiyonsa da ke wayoyin dangi in haɗa mata su wuri ɗaya. Na tattaro, amma kwamfutar tawa da ta fara aikin sai ta ɗau zafi ta ɗauke ɗif. Wani Ibo mai shagon kayan kwamfuta a kasuwa ya kawo mini abin sanyaya ƙwaƙwalwarta mai aiki da ruwa: ɗan famfo, tiyo biyu, da lagireto kamar na mota.

Ranar da zan ɗaura shi Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga garin Yana musamman don ta ga ɗan'uwanta a bidiyon, kuma motar yamma za ta bi ta koma. Na ɓare ledar da ke gindin famfon, wajen da zai manne da ƙwaƙwalwar, na shafa man da aka haɗo da shi, sai aka kira azahar. Ina dawowa na kifa shi, na ɗaure sukurori, na kunna ina hura hanci.

Ko fuskar Baba ba ta fito ba, ɗif!

"Ruwan nasa ne bai yi sanyi ba," in ji Gwaggo. "Buɗe in ɗebo maka na randa."

"Gwaggo, a rufe yake, ba a ƙara masa ruwa."

"Yo wane irin abu ne mai shan ruwa ba baki?"

Na sauya wa wayar wuta rami, na juya lagireto sama, na dawo da shi ƙasa. Na kira mai shago muka yi ta ihu, yana rantsuwa kayansa ba jabu ba ne. Ina juyowa na tarar Gwaggo ta jiƙa buhu za ta lulluɓe kwamfutar yadda take yi wa tulu. Wallahi saura ƙiris in yi kuka! Na karɓe buhun, ta koma yi mata fifita da mafici tana mata sannu.

La'asar ta wuce, Gwaggo ta fara neman takalmanta. Haushi ya sa na kwance famfon gaba ɗaya. Ga leda nan shimfiɗe a gindinsa, an lallaɓe ta tsaf, ko kumfa babu.

"Hajiya! Wa ya mayar da wannan?"

"Ni ce mana. Na gan ta yashe a ƙasa. Abu sabo fil ka tuɓe shi tsirara, ko kunya?"

"Hajiya, ita ce ta hana sanyin isa!"

"To ai ka ga bai yi datti ba."

Na ɓare ta a gaban idonta, ta kau da kai kamar ana yanka akuyarta. Na sake shafa mai, na ɗaure, na kunna. Famfo ya yi ɗan gurnani ya nutsu, kwamfuta ta ci gaba da aiki.

Sai ga Baba a allon kwamfutar, a falonmu, ranar sunan jikansa, yana ƙoƙarin tashi kujera ta riƙe masa babbar riga, yana cewa, "Wai yaushe za a yaye kujerun nan?" Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, motar Yana kuwa ta tafi ba ita. Ni kuwa na yi kewar muryar nan ba kaɗan ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sa na maimaita wurin, na kuma maimaitawa. Sannan ta nuna allon da Baba ke tsaye a ciki.

"In ka kashe, nemo leda ka rufe min shi," ta ce. "Kar ya tsufa."