Sirdin Kawu

Kawuna mai gyaran keken ɗinki ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina ƙarama. Shekara talatin da wani abu yana bin teloli a kan kekensa, akwatin sifana da kwalbar mai ɗaure a kariyar bayan keken. Na cikin gari ba su dame shi ba, masu gyara sun yi musu yawa. Mutanensa su ne na can bayan gari, inda sai ka yi awa biyu kana taka feda kafin ka ji ƙarar keken ɗinki. A ƙarshen hanyar akwai wata tsohuwa mai ɗinkin kayan jarirai, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa mata keke sai shi.

Sirdin kekensa kuwa abin kunya ne, ko in ce haka na ɗauke shi. Fata ce baƙa ƙirin, ta bushe kamar tafin tsohon takalmi, ta lotsa wuri biyu, na hagu ya fi zurfi. Kawu ya taɓa karaya yana yaro, ƙafarsa ta hagu ta ɗan gajarce, sai sirdin ya karkace ya bi shi. Ni ban ga wannan ba. Muni kawai na gani.

Da na fara aiki sai kaina ya kumbura. Wata rana mura ta kwantar da shi, na tura keken wurin mai gyaran kekuna na bakin titinmu, na zaɓi sirdi mai soso, mai faɗi, har da sifirin.

Mai gyaran ya juya tsohon sirdin a hannu ya ce, "Kin tambaye shi kuwa?"

Na ce, "Ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta? Jefa wannan a bola."

Da Kawu ya fito ya gani, ya daɗe yana danna soson da babban yatsa. Ya ce, "Kai, 'yar nan, kin mai da ni mai kuɗi. Allah ya yi miki albarka." Na yi ta washe baki kamar na gina masa gida.

Fitarsa ta farko, kafin azahar ya dawo, yana tura keken da hannu. Ya ce rana ce ta yi zafi. Daga nan aka shiga neman sirdi. Ya gwada siriri, ya gwada mai rami a tsakiya, ya naɗa tsumma, ya cusa kwali a gefen hagu. Wani tela ma ya ɗinka wa sirdin riga da auduga. Duk wanda ya gwada ya ƙi, sai ya rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa, har suka kai shida. Ni kuwa ina tsokanarsa, wai ko shagon sirdi zai buɗe.

A hankali ya fara sakin mutanensa, daga na nesa zuwa na kusa. Tsohuwar nan ta aiko sau uku, kekenta yana tsinka zare. Sau ɗaya ya je a mota, ya dawo yana mita, wai an bar shi da tafiyar ƙasa mai nisa da akwati a ka. Bai sake zuwa ba. Na ɗauka tsufa ne, har na ce masa dama ya isa hutu.

Bayan rasuwarsa na kai keken a duba min taya. Mai gyaran ya kalli sirdin, ya kalle ni.

Ya ce, "Kin san kawunki ya zo nan washegari da sassafe? Da murarsa da komai, ya tone bolar can da sanda. An riga an kwashe."

Na ce, "Me ya sa bai sayi irinsa ba?"

"Na kawo masa na fata sabo. Ya shafa shi ya ce sai ya yi shekara biyar a kai kafin sirdin ya san jikinsa, shi kuma ƙugunsa ba zai kai ba." Ya sunkuya yana kwance tayar. "Ya ce kar in kuskura in gaya miki, wai kyautarki ce ta farko."

Har yau sirdunan nan shida suna bayan ƙofa. Nawa bai taɓa rataye shi ba, ko ya cire shi don gwada wani, a kan keken yake mayar da shi.