Daddawa a Jirgin Kawu

Shekarata ta biyu a Doha ina zaune a wani bene a unguwar Bin Mahmud, ina karatun digiri na uku. Maƙwabcina mutumin Jos ne, Kirista, dattijo mai gyaran na'urorin asibiti. Kawu nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini, ko da yake ban taɓa koyar da kowa komai ba. Abin da ya fi so a duniya shi ne tuƙin ƙaramin jirgin sama. Yana da lasisi, ba shi da jirgi, sai dai ya yi haya.

Wata rana ya ce zai kai ni Bahrain, inda wani abokina yake koyarwa. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a sama ba, amma mako uku muka yi muna shiri. Ya nemi izinin sauka, ya rubuta hanyar da za mu bi ya miƙa, ya cike takarda mai sunayenmu da lambar fasfo, ya sanar da 'yan kwastan lokacin isowarmu. Ya koya mini sa rigar ceto a tsakiyar falonsa, matarsa tana kallo tana yanka albasa. Har sikeli ya ɗora ni.

"Malam, ka ce mini kilo saba'in. Wannan ai tamanin ne da ɗoriya."

"Da takalmi ne, Kawu."

"To da takalmin za ka hau."

Ya gaya mini dole mu dawo kafin rana ta faɗi, don bai yarda ya tuƙa a duhu a kan teku ba. Sannan ya tambaye ni abin da zan ɗauka, domin komai sai an rubuta. Na ce riga ɗaya ce da caja. Ban ga dalilin ambaton ƙullin kuka da daddawar da na sa a ƙasan jaka ba. Matar abokina tana da ciki, kuma ta yi wata biyu ba ta son komai sai miyar kuka.

Mun tashi da hantsi. Cikin jirgin bai fi cikin keke-napep ba, ga rana ta gilashi. Muna tsakiyar ruwa, ƙasa ta ɓace ta kowane gefe, sai na ga Kawu yana shinshina iska. Ya duba agogunan gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashin kujera.

"Kana jin wari? Kamar waya tana ƙonewa. Zan juya."

Na auna kunya da tsoro. Da na ga ya fara karkata jirgin, na ce, "Kawu, daddawa ce."

Bai dube ni ba. Ya daidaita jirgin, ya ce, "Ƙulli nawa?"

"Uku. Da kuka."

Da muka sauka, shi da kansa ya je wurin jami'in kwastan ya ce akwai gyara a takardarsa. Jami'in ya buɗe jakata cikin ladabi, ya zazzage garin kuka a tafin hannunsa, kore shar, ya dube shi, ya dube ni. Na yi bayani da Turanci, na ƙara da guntun Larabcina, har na zana masa bishiyar. Ya kira na gaba da shi, wannan ma ya kira wani. Aka ba mu kujeru biyu da ruwan sanyi. Kawu yana zaune, hannu harɗe a ƙirji, idonsa a kan agogon bango.

Bayan kusan awa biyar aka samo wani ma'aikaci ɗan Sudan. Yana shinshinawa ya yi dariya, ya ce ganyen bishiya ne, a garinsu ma akwai ta. Aka ba ni kukar. Daddawa kuwa ba a samu mai tsaya mata ba, aka riƙe.

Abokina yana bakin ƙofa tun safe. Muka rungumi juna, na miƙa masa ƙullin, muka sha shayi a tsaye. Ya ce abinci yana jira a gida. Kawu ya nuna rana da haɓarsa, ya ce, "Yalla, mu tafi, Malam." Duk abin da na gani a Bahrain shi ne ɗaki ɗaya da wurin ajiye motoci.

A hanyar dawowa bai yi magana da kowa ba sai masu ba da umarni ta rediyo. Da muka sauka ya buɗe ƙofofin jirgin duka biyu, ya miƙo mini tsumma da kwalbar sabulu.

"Gobe wani Bature zai ɗauke shi," in ji shi. "Fara daga kujerar baya."