Yaya a Kan Lilon Jidda

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Ɗa'if, garin kan dutse inda muke zaune, ni da maiɗakina da yayata, wadda ta zo umra daga Kano ta yi mana mako biyu. Jirginta zai tashi daga Jidda bayan isha'i. Abu ɗaya ta roƙa kafin ta koma: ta hau babban lilon nan mai juyawa na wurin wasan bakin teku, ta ga ruwa daga sama. Matsalar gwiwa ce. Ba ta iya tsayuwar minti goma, ga shi hutun Sallah ne, layin lilo yakan ci awa biyu.

Don haka tun saura mako guda na sa wani abokin aikina da ke unguwar Ruwais a Jidda ya saya mana takardar wuce layi. Kuɗinta ya ninka na shiga, amma ana rubuta wa mutum lokacinsa a jiki. Na zaɓi juyi na ƙarshe kafin magariba, don ta ga faɗuwar rana. Da an kira salla ake kashe injuna, kafin a sake kunnawa kuwa muna hanyar filin jirgi.

Gangaren dutsen Hada kwana ne a kan kwana, birai zaune a gefen titi suna jiran mai jefa burodi. A ƙasan dutse muka karya da ful da burodin tamis mai zafi. Yaya ta ɗanɗana ta ce ai wake ne aka yi wa gata. Jidda ta tarbe mu da gumi. Muka ci kifi da shinkafa a Ruwais, muka karɓi takarda, bayan la'asar muka nufi wurin wasan.

Layi ya miƙe har bayan rumfar masu shayi. Ƙofarmu tana gefe, babu kowa. Saura taku kaɗan Yaya ta ji Hausa a cikin layi, wasu mata ne daga unguwar Nuzla. Ta tsaya.

“Sannunku da tsayuwa. Ya gida, ya yara? 'Yan ina ne?”

Na duba agogo, saura minti shida. Mai tsaron ƙofa yana ɗaga mini hannu.

“Yaya, lokaci.”

“Kai dai da agogonka. In wuce bayin Allah ba sallama, kamar na fi su?”

Ba a jan hannun babba a gaban mutane, sai na tsaya ina kallon mintuna suna tafiya. An gaisa, an gano wata tana da dangi a unguwarmu, an sake gaisawa. Wata dattijuwa haifaffiyar Jidda ce ta cece ni.

“Hajiya, kin biya, halas, shi ke nan. Yalla, maza hau ki gano mana, mu a nan za mu yi magariba.”

Mu ne na ƙarshe da aka rufe wa ƙofa. Da muka kai ƙololuwa, rana ta taɓa ruwa, jiragen ruwa sun jeru can nesa. Yaya ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, ta daɗe tana kallon teku, sannan ta ce, “Ashe ba shi da ƙarshe.” Ƙafarmu na taɓa ƙasa ladan ya fara.

Mun raka ta filin jirgi a kan lokaci, muka kwana a Jidda, da hantsi muka hau dutse zuwa gida. Abin da na koya: a sayi takarda da wuri, a duba jadawalin salla, in kuma da babba a tafiyar, a ware minti goma sha biyar na gaisuwa.