Naman layya a kan wayar Bayamani

Ana gobe Babbar Sallah aka haifa mini 'yar fari a Kano, ni kuwa ina Riyad ina karatu. Na riga na tsinto mata suna a wani tsohon littafin Larabci, suna mai daɗi wanda ko a mafarki ba a taɓa jin irinsa a unguwarmu ba. Saura in faɗa wa baffana kafin ranar suna.

A layinmu na unguwar Gubaira tarho ɗaya ne, a kantin wani Bayamani, wayarsa kuma ta saman ɗakinmu ta bi. Kiran Kano sai ka nemi layi a santaral, ofishin haɗa waya, ka yi ta jira, can kuma a aika gidan wani attajiri mai tarho a zaunar da baffa. Ana jibi suna layi ya samu. Baffa ya fara gaisuwa. Ya tambayi karatu, ya tambayi zafi, ya tambayi tsadar rago. Ina ta "lafiya lau", raina yana tafasa. Da ƙyar ya ce, "To ɗana, wa za a sa wa yarinyar?"

Na buɗe baki ke nan, tarho ya yi ɗif.

Bayamani ya yi tsalle. "Wallahi makirci ne! Mai kantin can ne ya yanke!" Wani ya ce masu haƙan titi ne, don a shekarun nan in ka tsaya wuri guda za a iya haƙe ka. Muka bi waya har saman ɗakinmu.

Ashe abokin zamana ne, wani Badamagare, ya ga igiya miƙaƙƙiya a banza, ya yanyana naman layyarmu ya shanya a kai. Magunan unguwa suka yi ta lilo har waya ta tsinke. Muka same shi yana korarsu da takalmi.

"Haba malam," in ji shi, "ai sai da na kara kunne, ban ji tana magana ba."

Kafin a zo gyara an yi suna. Da baffa ya ji shiru, sai ya ɗauka kunya ce ta hana ni faɗa, ya yi mini kara ya sa sunan surukata. Yarinyar nan yau jikokinta sun girma, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba.