Hannu Mai Yatsu Huɗu a Hoton Ƙirji

Da damina ne, shekarar da ruwa ya yi yawa har gero ya ruɓe a tsaye, kowa a Riruwai ransa a jagule. Wallahi 'yan'uwa, abin nan da idona na gani.

Maigidana haƙar kuza yake yi, tari ya kama shi wata huɗu har da jini, na ce ba zan zuba ido a bar ni da marayu biyar ba. Na lallaɓa shi muka hau mota zuwa wani asibiti a Kano, likita ya ce sai ya ga hoton ƙirji kafin ya rubuta magani.

Mai ɗaukar hoton, wani dattijo mai barkwanci, ya auna kaurin ƙirjin maigidana, ya ce mini nama da ƙashi suna shanye hasken na'urar, sai an daidaita ƙarfinsa da jikin mutum, in ba haka ba inuwar ƙarya ta fito. Aka cire riga, aka cire laya. Hoto ya fito, wani farin tabo ya rufe huhun hagu.

"Malam, kuzar haɗiyewa kake yi?" in ji dattijon, ya ƙara ƙarfin hasken ya sake ɗauka. Kai jama'a! Tabon ya fito sarai, hannu ne, tafi da yatsu huɗu, babu ƙaramin. Dariyar dattijo ta ɗauke.

Maigida ya zauna daɓas a benci. "Ilu ne," ya ce a hankali. Ilu abokin haƙarsa ne, dutse ya taɓa datse masa ƙaramin yatsa, kuma ranar da rami ya rufta, shekara uku ke nan, shi ya dafa ƙirjin maigidana ya tunkuɗo shi waje, ƙasa ta danne shi shi kaɗai.

"Baiwar Allah, fim ɗin ɗaukar hoto ɗaya ya rage mini," in ji dattijon, "kuma muddin abin nan yana wurin, likita ba zai ga huhu ba."

Na matsa daf da ƙirjin mijina na ce, "Malam Ilu, mun gode, Allah ya jiƙanka. Ɗaga hannunka a ga ciwon, yara na jira a gida."

Aka fitar da ni, aka ɗauka. Babu hannu. Likita ya ga ciwon, ya rubuta allura da ƙwayoyi.

Har yau ban san me na gani ba. Ni dai shawarata, wanda ya yi muku alheri ya rasu, ku riƙa leƙa iyalinsa. Washegarin komawarmu da sassafe na dama kunu, na yafa mayafi, na nufi gidan mahaifiyar Ilu, wadda shekara uku nauyi ya hana mu taka ƙofarta.