Kitson da Ya So Hana Lakwal

Daminar da ɗiyata ta fari ta cika shekara shida, ba ta da zance sai na lakwal, wato makarantar boko. Wata maƙwabciyarmu ce ta faɗa mata cewa a zamaninsu mushe, wato malamin lakwal, ba ya rubuta yaro sai ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. Wanda hannunsa bai kai ba, sai baɗi. Tun daga ranar yarinya ta koma yawo da hannu a ka, kamar mai tallar da iska ta ɗauke wa faranti.

Ni kuwa ban so hannun nan ya kai ba. A wurinmu uwa ba ta nuna son 'yar fari, ko sunanta ba ta kira, amma ni littattafan soyayyar da ake kawo mana daga Katsina ta hanyar Ɗan Issa sun riga sun sangarta mini zuciya. Shekara ɗaya kawai nake so a ƙara mini da ita.

Kowace la'asar mukan tafi bakin tafki da sunan sayen kifi. In nuna mata rana tana narkewa cikin ruwa, in ce ta dubi zinariya, ita kuma ta ce ai ƙwai ne ya fashe. Nakan ba ta labaran littattafaina bayan na tsince soyayyar, sai ya zamana babu abin da ya rage sai motoci da gaishe-gaishe. Takan saurara don ladabi, sannan ta tambaye ni ko masunta ma sai da suka taɓa kunne aka ba su jirgi. A hanyar gida mu gasa tumu a gonar babanta, ta ci rabi, rabi ya maƙale mata a kumatu.

Da safe kuwa awo ake yi. Da farko saura yatsa biyu, daga baya ɗaya. Har lilo ta riƙa yi a reshen bishiyar bedin ƙofar gida don hannun ya miƙe. Ana saura mako guda a fara rubuta yara, ɗan yatsanta ya shafi saman kunnen. Ta yi ta tsalle.

Ranar na zaunar da ita na yi mata shuku, irin kitson da ake tarawa a tsakiyar ka. Na ƙara da zaren ulu, na ɗaure shi ya tsaya ƙyam. Na ce wa kaina ado ne. Da ta gwada washegari, hannu ya hau tudun kitso ya tsaya, kunne na can nesa da yatsa uku.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta je ta zauna kusa da Inna, uwar mijina, wadda ke ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta gaya mata a hankali cewa hannunta ya koma ciki. Inna ta dubi kan jikarta, ba ta dube ni ba.

"Ƙawata, hannunki na nan yadda yake," in ji ta. "Kanki ne aka yi wa bene. Akwai masu son su goya ki har ranar da za a kai ki ɗaki."

Na yi kamar wankin tukunya ya ɗauke mini hankali.

Da la'asar a bakin tafki ba ta ce rana ƙwai ce ba. Sai dai ta ce, "Mama, in na yi addu'a sosai, zai dawo kafin ran rubutu?"

A nan kan yashi na kwantar da kanta a cinyata na warware shukun, na yi mata kitso kwantacce da yatsuna, ko tsinke babu. Na ce ta gwada. Ta kama kunnen gaba ɗaya, har da ɗan kunnen da ke jikinsa. Ta ce addu'arta ba ta daɗewa a hanya. Na ce haka ne.

Ranar rubutu babanta ya miƙa takardar haihuwa, mushe ya duba, ya rubuta suna, ya kira na gaba. Kunne ko zancensa bai yi ba. Ɗiyata ta ƙi gusawa, ta tsaya gaban tebur hannu bisa kai, har ya tambaye ta ko kunnen ne ke ciwo. Ta ce a'a, ya kai ne. Bawan Allah ya taso, ya zagaya ya duba da kyau, ya ce lalle ya kai.

Ran shiga aji na shirya hawayena, ina jiran waiwayen da ake yi a littafi. Ba ta waiwayo ba. Da na koma gida na iske Inna ta cire kallabi ta zauna bisa tabarma.

"Zo ki yi mini shukun nan naki," ta ce. "Ni ba inda za ni."