Hannun da Ban Ɗora wa Majo Ba

Ina Matankari wajen lambar agana wani mai raƙumi ya tsaya a kaina, ya ce Majo ya cika da hantsi. Na yi salati, na dubi layin mutanen da suka rage, na ci gaba da tsaga dantse har na gama da na ƙarshe. Ban ji komai ba, kuma har yau da aka yi sadakar bakwai jikina kamar na aro ne.

Majo, kamar yadda ake kiran muƙaminsa, shi ne babban ma'aikacin asibitin Dogon Dutsi, a ƙarƙashin likita Bature da ke zuwa daga Doso lokaci-lokaci. Shekara tara ina aiki a hannunsa. Shi ya koya mini aiki, shi kuma ya ba ni 'yarsa Hajo, don haka ko a takardar nan ba zan kama sunansa ba.

A ƙasarmu kowa da ciwon baya: mai noma, mai jan guga, da waɗanda ake kwasa aikin hanya. Majo ba ya gaggawar ba da magani. Tun daga ƙofa yake kallon takun mutum. Ya sa shi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu, ya sa shi ya sunkuya. Sai ya tuɓe masa riga, ya bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa da babban yatsa. Ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafa a miƙe, yana duban fuska, ya ga inda zafi zai sauka zuwa sharaɓa. Ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya tsikari tafin ƙafa da ƙayar aduwa, ya tambayi fitsari. Yakan ce, "Baki na faɗin abin da ya ga dama, tahiya ba ta ƙarya." Yawancinsu yakan sallame su, ya ce kada su kwanta, su riƙa motsawa. Amma wanda ƙafarsa ta mutu, ko ya rame, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba ya barin a kwana ba a rubuta masa takardar Doso ba.

Wata tsohuwa daga Lugu ta taɓa zuwa ta ce doguwa ce ta hau ta. Ni na yi dariya, don a lokacin ina ji da ɗan karatuna. Shi bai musa mata ba, ya ce ta bari ya gaida doguwar da hannu. Ya laluba har ya sami wani ƙusumbi ƙarami a ƙashin, ya tura ta Doso, ta rayu. Da ta fita ya ce mini wanda ya yi wa marar lafiya dariya ya rufe wa kansa ƙofa.

Tun farkon damina na ga yana jan ƙafar hagu. Na ga riga ta yi masa yawa, na ga yana dafa bango kafin ya miƙe. Duk alamun da ya koya mini na karanta su a jikinsa. Amma surukina ne. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, to da wane baki zan ce ya tuɓe ya kwanta in ɗaga masa ƙafa? Na yi ta jiran Bature, ruwa kuwa ya yanke hanya.

Rana ɗaya na yi ƙarfin hali na shimfiɗa zane a kan teburin dubawa, na tsaya kaina a ƙasa. Ya dubi zanen, ya dube ni.

"Ka gani ko?"

"Na gani, Baba."

"To, madalla. Kira na gaba."

Na kira na gaba. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai sake ba. Ban san ko dubawar za ta cece shi ba, kwana idan ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne da baƙo ne, da tun ranar na rubuta masa takarda.

Bayan an watse daga zaman makoki, Hajo ta ajiye mini ruwa, ta tsuguna. Ba kuka take yi ba. Ta ce, "Kai da kake duban bayan kowa, ka duba nashi?"

Allah ya ji ƙan Majo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa hannun da ya ɗora wa bayin Allah ya zame masa shaida ranar gobe. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya gafarta mini, ya ba ni abin da zan amsa wa 'yarsa, don har yanzu tana jira. Amin.